Zuwa Cape Town da sanyi: Dutsen Tebur da gonakin inabi ga wanda ba ya shan giya

Tambaya: Ni da maiɗakina muna son yin kwana biyar a Cape Town a watan Yuli, mu hau Dutsen Tebur, mu leƙa gonakin inabin da ke kusa. Ba ma shan giya. Tafiyar za ta yi mana amfani a wannan lokacin?

Amsa: Za ta yi, Malam, muddin kun san irin sanyin da za ku tarar. Afirka ta Kudu tana sanyinta daga Yuni zuwa Agusta, kuma na Cape Town ba irin hunturunmu mai ƙura da fasa leɓe ba ne, sanyi ne haɗe da ruwan sama da iska. Da rana ma'aunin zafi kan kai 17 ko 18, da asuba ya sauka wajen 7. Gidajen can da yawa ba su da na'urar ɗumama ɗaki, don haka kafin ku biya kuɗin masauki ku tambaya ko akwai murhun jin ɗumi ko bargon lantarki. Ku riƙe rigar ruwa, lema ba ta jure iskar garin.

Babban kuskuren baƙi shi ne tsayar da ranar hawan dutse tun daga gida. Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,080, kuma gajimare kan lulluɓe samansa cikin ɗan lokaci. Motar igiyar da ke kai mutane sama, wadda aka buɗe a 1929, minti biyar take yi, amma iska na ƙaruwa sai a tsayar da ita. Sannan an saba rufe ta don gyaran shekara wajen ƙarshen Yuli, sai ku duba ranakun kafin ku yanki tikitin jirgi. Safiyar farko da kuka ga kan dutsen tas, ku ajiye komai ku tafi. Masu son hawa da ƙafa kan bi hanyar kwazazzabon Platteklip Gorge, awa biyu zuwa uku, sai dai matakalan dutsen suna santsi bayan ruwa, rana kuma kan faɗi wajen ƙarfe shida. Kada ku fara hawa bayan azahar, kada kuma ku bi hanyar da ba mutane.

Ranar da gari ya ɓaci, ku gangara bakin tekun Boulders ku ga tsuntsayen fengwin, duk cikin gandun dutsen ne.

Yankin inabin kuwa, Stellenbosch na da nisan kusan kilomita 50, Franschhoek ta ɗan dara haka. Kada ku sa ran ganin 'ya'yan inabi a reshe: ana girbi ne daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu, a Yuli ganye ya zube, ma'aikata na sassabe rassa da almakashi. Abin gani shi ne korayen kwaruruwa, fararen gidajen da suka rage tun zamanin Turawan Holan, da lambuna irin na Babylonstoren. A ganina kwana ɗaya a can ya wadatar da ku. Gonaki da dama na sayar da ruwan inabi marar sa maye da man zaitun. A wurin cin abinci ku tambaya kai tsaye, domin sukan dafa nama da giya, naman alade kuma ba baƙo ba ne a teburinsu. Abincin halal ya fi samuwa a cikin gari, musamman unguwar Bo-Kaap, inda Masallacin Auwal na 1794 yake. A hanyar dawowa kuna iya ratsawa Macassar, ku ziyarci kabarin Shehu Yusuf, malamin Musuluncin da Turawan Holan suka kawo gudun hijira, wanda ya rasu a 1699.

In za ku yi hayar mota, a hannun hagu ake tuƙi. Ku nemi biza da wuri, ku kuma tafi da katin rigakafin cutar shawara, ana neman sa daga masu zuwa daga Najeriya.