Ina rubutun hannun Herman Melville ya shige?

Tambaya: Malam, na karanta Moby-Dick a ajin adabi a jami'a, sai na ji sha'awar ganin yadda marubucin ya rubuta shi da hannunsa. A ina aka ajiye ainihin takardun? Kuma na ji an ce masana suna tona wasiƙun iyalinsa suna karantawa. Me za a samu a ciki, kuma wannan ba shiga sirrin gidan mutane ba ne?

Amsa: Malama, rubutun hannun Moby-Dick babu shi. Littafin ya fito a 1851, kuma takardun da Melville ya rubuta shi a kansu a gonarsa ta Arrowhead, kusa da garin Pittsfield na jihar Massachusetts, ba su iso zamaninmu ba. A wancan lokaci maɗaba'a ba ta ɗauki takardar marubuci a bakin komai ba, da zarar an jera haruffa an buga, to ta gama aikinta. Shi kansa Melville bai taimaka ba, domin ya taɓa faɗa a wata wasiƙa cewa ɗabi'arsa ce ya lalata kusan duk wasiƙar da aka aiko masa. Har wasiƙar da abokinsa Nathaniel Hawthorne ya rubuto masa yana yabon littafin ta ɓace. Amsar da Melville ya mayar cike da murna ce ta tsira, daga ita muka san an yi wasiƙar.

Ki kuma tuna cewa mutumin ya rasu a 1891 ba tare da duniya ta damu da shi ba. Littafin bai yi kasuwa ba, gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Harper mai buga masa littattafai a 1853 da kwafe-kwafen littattafansa a ciki, shi kuma ya koma aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ta New York har shekara 19. Wa zai adana takardun ma'aikacin kwastan da aka manta da shi? Matan gidansa ne suka yi, kuma wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe.

Bayan rasuwarsa, matarsa Elizabeth ta tarar da tarin takardu na wani labari da bai kammala ba. Ta jera su iya ƙoƙarinta, ta adana. Bayan ta rasu a 1906 takardun suka ci gaba da zama a hannun zuri'a, a cikin akwatin kwano na ajiye burodi, har suka kai ga jikarsa Eleanor Melville Metcalf. Ita ce ta nuna wa Raymond Weaver na Jami'ar Columbia su a 1919, shi kuma ya buga labarin a 1924. Shi ne Billy Budd, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan ayyukan Melville. Takardun, wajen warƙa (wato fallen takarda) 350, suna ɗakin karatu na Houghton a Jami'ar Harvard.

A nan ne aikinmu ke da daɗi, kuma a nan yake da haɗari. Rubutun Melville mai wuyar karantawa ne ƙwarai. Yana rubutu da tawada, ya dawo da fensir ya soke, ya ƙara a gefe, ya yanko wata takarda ya manna a kan wata. Elizabeth ma ta sa hannunta a wasu wurare da niyyar gyara. Masu bugun farko ba su bambance hannunta da nasa ba, don haka wani sashe da Melville ya riga ya cire daga labarin, wanda ita ta rubuta a kansa tana tambayar ko gabatarwa ce, sai aka buga shi a matsayin gabatarwar littafi. Shekaru da yawa masu sharhi suna gina fassararsu a kan wannan gabatarwa da marubucin bai nufa ba. Sai a 1962 Harrison Hayford da Merton Sealts suka bi takardun warƙa bayan warƙa, suna duba launin tawada da irin takarda da lambobin shafi, suka rarrabe abin da ya fara rubutawa da abin da ya ƙara daga baya. Har sunan littafin sai da suka gyara. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon kundi wanda almajiri ya kwafa, wani kuma ya yi ta'aliƙi a gefe, ya san wannan wahalar.

Sai batun wasiƙu. A 1983 aka gano wasu takardu a wani rumbun gona a ƙauyen Gansevoort na jihar New York. Na Augusta ƙanwar Melville ne, wadda tana cikin masu kwafe masa rubutunsa da kyakkyawan hannu kafin a kai maɗaba'a. A ciki akwai ɗaruruwan wasiƙun iyali, da kuma shafi wajen 30 na rubutun farko na Typee, littafinsa na farko da ya fito a 1846. Babban ɗakin karatu na birnin New York ya saye su ya haɗa da takardun dangin da ke hannunsa tun da. Wasiƙun da Melville ya rubuta da kansa waɗanda suka tsira wajen 300 ne kawai, saboda haka yawancin abin da muka sani game da zamansa na yau da kullum daga bakin uwa da 'yan'uwa mata muka ji shi: wane wata ya kulle kansa a ɗaki yana rubutu, yaushe idonsa ya yi ciwo, bashin wa ke kansa, wa ke kwafar wane babi. Da irin waɗannan ƙananan labarai ake sa wa littafi kwanan wata.

Damuwarki ta sirri kuwa tana da tushe, ba zan raina ta ba. A 1975 aka buga wasu wasiƙu na 1867 da aka samu cikin takardun limamin cocin da Elizabeth ke zuwa, Henry Bellows. Sun nuna danginta sun yi shawarar raba ta da mijin, suna ganin hankalinsa ya taɓu. Ba ta fita ba. A watan Satumba na shekarar ɗansu Malcolm, mai shekara 18, ya mutu da harbin bindigarsa a ɗakinsa. Ba wanda ya rubuta waɗannan abubuwa don ni da ke mu karanta. Ra'ayina shi ne, tun da duk wanda abin ya shafa ya daɗe a ƙasa, kuma zuri'ar da kanta ta miƙa yawancin takardun ga ɗakunan karatu, karantawa ba laifi ba ne. Laifin yana wajen wanda zai ɗauki wasiƙa ɗaya da aka rubuta cikin ɓacin rai ya yanke wa mutum hukuncin rayuwarsa duka, alhali amsar ɗaya ɓangaren ta ƙone. Na sha ganin haka a rubuce-rubucen da aka yi kan aurensa, kuma yana damuna.

Idan kina son ki ga hannunsa ba sai kin je Amurka ba. An ɗauki hotunan takardun Billy Budd da na Typee an ɗora a intanet tare da kwafin da masana suka yi. Ki fara da na Typee, ki ajiye bugaggen littafin kusa da ke, ki bi babi na 12 zuwa na 14 layi bayan layi, ki ga kalmomin da ya soke da waɗanda ya sa a madadinsu.