Tambayi Likita: Litiyam da Garin Inositol

Tambaya: Likita, ina kan maganin litiyam, ga ciwon kai. Me zan sha? (Manomi daga Gaya)

Amsa: Farasitamol. Ka guji ibuprofen da diclofenac na kemis, suna hana ƙoda fitar da litiyam, wato maganin nan na lalurar ƙwaƙwalwa da kake sha.

Tambaya: Ƙanwata tana shan litiyam saboda lalurar da kan sa ta kwana tana surutu ba barci, wani zubin kuma ta yi makonni ba ta ko fita tsakar gida. Wata mai tallan magani ta ce ta ajiye shi ta koma garin inositol, wai ba shi da illa, har haihuwa yake kawowa. (Wata baiwar Allah daga Ringim)

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ta ajiye. Inositol ba baƙo ba ne, jiki na haɗa abinsa, yana kuma cikin wake da gyaɗa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da shi suke isar da saƙo a cikinsu, in sun gama su sabunta shi su sake amfani da shi. Litiyam yana taka wa wannan sabuntawar birki, kamar mai ban-ruwa a Kadawa ya rage bakin kwata don kada ruwa ya cinye shuka, kuma ƙwayoyin da suka fi rawar kai su birkin ya fi kamawa. Wannan bayani masanin kimiyya Michael Berridge da abokan aikinsa suka kawo a 1989, shekara 40 bayan likita John Cade ya wallafa sakamakon gwajin litiyam da ya yi a Ostareliya.

To kin ga, abin da litiyam yake ragewa shi mai talla take son ƙarawa. Waken miya ba komai, ta ci abinta. Gari cokali-cokali ne ban yarda da shi ba sai likitanta ya gani. Mai tallan nan, ranar da ciwon ya dawo, tana wata kasuwar! Daina litiyam farat ɗaya kan dawo da ciwon, har mutum ya yi yunƙurin hallaka kansa. In haihuwa take nema, ku je Asibitin Dawanau ko inda ake duba ta tun kafin ciki ya shiga, domin litiyam na iya taɓa ɗan tayi. Ku je, kada ku jira.

Tambaya: Mahaifina yana kan litiyam, gudawa ta kama shi, hannunsa na karkarwa, yana tangaɗi. (Ɗalibi daga Birnin Kudu)

Amsa: Alamar maganin ya taru a jini ke nan. Kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, ba jiƙo, ba turare. Ku ba shi ruwa, ku kai shi asibiti yau ɗin nan a auna jininsa.