An harbe ƙanena yana gudu, sun ce ɗan ƙwace ne: zan iya kai ƙara?

Barka da aiki, Lauya. Wata biyu ke nan da 'yan sanda suka harbe ƙanena. Ba zan ɓoye maka ba, yaron ba salihi ba ne, ya taɓa yin shekara biyu a gidan yari kan ƙwacen waya da wuƙa. Sun ce ranar sun biyo shi ne, ya zaro wuƙa ya yo kansu. Amma wata mata da ta gani ta taga ta ce mini gudu yake yi, kuma yayanmu da ya ga gawar ya ce raunin harsashi biyu duk a baya suke. Da na je ofishinsu, wani babba ya ce mini irinsu ba sa jin magana sai ta bindiga, in gode Allah da aka raba mu da masifa. Mai irin wannan tarihi yana da haƙƙi a gaban shari'a?

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Yana da haƙƙi, kuma zaman gidan yarin da ya yi bai rage masa ko ƙwayar zarra daga ciki ba. Idan magana ta je gaban alƙali, abin da za a tsaya a kai shi ne wane haɗari ƙanenki yake ɗauke da shi a lokacin da aka ja kunamar bindiga, da kuma yadda aka yi har aka kai ga wannan lokacin. Halinsa na baya yana shigowa ne ta ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya: me ɗan sandan ya sani game da shi kafin ya harba, kuma wannan sanin ya isa ya sa mai hankali ya ji tsoron rasa ransa a wurin?

Ma'aunin da aka fi dogara da shi a duniya shi ne ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kyuba a 1990. Ƙa'ida ta 9 ta ce ba a harbi da niyyar kisa sai idan babu wata hanya ta ceton rai. Ta 10 ta ce jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi a fili, ya ba da lokacin da za a ji a bi, sai fa idan yin hakan zai jefa shi ko wani cikin halaka. Ta 5 kuwa ta wajabta gaggauta kai wanda aka harba ga magani da sanar da danginsa. Waɗannan ƙa'idoji ba yarjejeniya ba ce da ake sa wa hannu, amma da su ake fassara sashe na 6, mai kare haƙƙin rayuwa, na yarjejeniyar 'yancin ɗan adam da siyasa ta 1966, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Dokar wasu ƙasashe ta fi sakar wa ɗan sanda mara. Sashe na 33(2) na tsarin mulkin Najeriya na 1999, misali, ya yarda a yi amfani da ƙarfi don kama mutum ko hana wanda ke tsare tserewa, amma ko shi ya ɗaure abin da sharaɗin kada ƙarfin ya wuce gwargwadon buƙata.

Maganar da babban nan ya gaya miki tana da wani abu na gaskiya a ƙarƙashinta, kuma gara ki ji shi daga bakina kafin lauyansu ya jefe ki da shi a kotu. Akwai masu laifin da tun kafin su fita gida sun ƙudurta ba za su koma kurkuku da rai ba. Irin wannan ya riga ya yanke shawara, ɗan sanda kuwa sai ya gani, ya gane, sannan ya motsa, don haka kullum yana baya da taki ɗaya. A 1983 wani mai horar da 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita shida da ɗoriya, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da jami'i ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar Graham da Connor ta 1989, ta ce a duba lamarin da idon jami'i mai hankali da ke wurin, kada a auna shi da sanin da aka samu bayan ƙura ta lafa. To amma gwajin Tueller na wanda ya nufo ka ne. Wanda ya ba ka baya yana ƙara nisa, lissafin ya juye.

A kan mai gudu akwai hukunci sananne. A 1974 a birnin Memfis na Amurka, wani ɗan sanda ya harbi Edward Garner, yaro ɗan shekara 15, a ƙeya yana ƙoƙarin tsallake shinge bayan ya shiga wani gida sata. Dala 10 da jakar mata aka samu a jikinsa. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce gudu kaɗai ba ya halatta kisa, sai in akwai dalili mai ƙarfi na cewa mai gudun haɗari ne babba ga rayuwar jami'in ko ta wasu. Wanda ya fi wannan kama hankalina shi ne na McCann da Birtaniya, 1995. Sojojin Birtaniya sun kashe 'yan ƙungiyar IRA, masu yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, su uku a Jibralta, yankin da Birtaniya ke mulka a gefen kudancin Sifaniya, a 1988, mutanen da da gaske harin bam suke shiryawa. Duk da haka Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, da rinjayen alƙalai 10 a kan 9, ta kama gwamnati da laifi, saboda an tsara aikin ta yadda kisa ya zama kusan dole alhali ana iya kama su tun a kan iyaka. In har masu shirya bam ba su rasa kariyar doka ba, ina ga mai ƙwacen waya?

Kada dai ki ɗauka rauni a baya ya gama shari'a. Za su ce ya juya ne a daidai lokacin da harsashi ya fita, kuma hakan yana faruwa. Abin da zai raba gardama shi ne tazara da wuri: ina kwanson harsasai suka zuba, ina gawar ta faɗi, ina aka tsinci wuƙar, wa ya ɗaga ta, akwai ƙunar albarushi a rigarsa ko babu. Rigar nan, idan tana hannunku, kada a wanke ta, a sa ta cikin takarda a ajiye. Matar da ta gani ta rubuta abin da ta gani yanzu, da kwanan wata da sa hannunta, gaban lauya, haka yayanku. Kada sunanta ya fita a Facebook ko WhatsApp, shaidar da ta tsorata ta tafi ke nan. Kyamarorin tsaro na shafe hotunansu da kansu, wasu cikin kwanaki, don haka a nemi na kusa da wurin gobe-goben nan ko Allah zai sa a dace. Lauyanki kuma ya rubuta takarda yana neman littafin rumbun makamai, wanda ke nuna wa ya karɓi wace bindiga da harsashi nawa ya dawo da su, tare da jadawalin aikin ranar da bayanan asibiti. Idan ba a yi binciken gawa ba, kotu na iya ba da umarnin a yi ko bayan an rufe shi. Na san wannan da nauyi a zuciya, shawara ce ta iyali.

Hanyar gurfanar da wanda ya yi harbin tana hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, ke mai koke ce kawai, kuma ita ce mafi tsauri domin sai an tabbatar da laifi ba tare da shakka ba. A shigar da koken a rubuce, a kai kwafi ga hukumar da ke sa ido kan 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin ɗan adam, a karɓi shaidar an karɓa. Wadda nake ganin ta fi kusa da hannunku ita ce ƙarar neman diyya a kan rundunar kanta, inda rinjayen hujja ya wadatar. Sai dai ƙarar da ta shafi jami'an gwamnati a wurare da yawa tana da gajeren wa'adi, wani lokaci watanni kaɗan, kuma biyu sun riga sun wuce. Ki tambayi lauyan da zai riƙe maganar wannan tun zaman farko, tare da wanda ya cancanci ya tsaya a matsayin mai ƙara, don sau da yawa iyaye ko mata da 'ya'ya ne a gaban 'yar'uwa. Tarihinsa zai iya rage yawan diyyar, za kuma a karanto shi a bainar jama'a, ki shirya wa mahaifiyarku wannan idan tana raye.

Idan wani ya zo da kuɗin ta'aziyya da takarda a hannu, kada kowa a gidan ya sa hannu sai lauya ya karanta. Maganar da babban jami'in ya faɗa miki kuma, ki rubuta ta yau yadda ta fito daga bakinsa, da ranar, da ƙarfe nawa, da sunan wanda ya raka ki.