Iska ce ke taɓa ni, ko jikina ne kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Gusau. Wani lokaci idan mun keɓe, maigidana yakan ɗaure min hannu da ɗankwali, ya rufe min ido, shi ke ba da umarni ni ina bi. Ni na nema, ba tilasta min ya yi ba. Amma idan abin ya yi nisa sai in ji kamar ina shawagi, harshena ya yi nauyi, ban ma san tsawon lokacin da ya wuce ba. Washegari kuma in tashi jiki a mace, har kuka nake yi ba gaira ba dalili. Aminiyata ta ce iska ce, in nemi mai ruƙiya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta sananne ne ga masu nazarin halayyar ɗan'adam, kuma yana samun wanda ya miƙa ragama a irin wannan wasa da ake kira BDSM. Ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ba ta lissafa irinsa cikin cututtukan ƙwaƙwalwa matuƙar manya biyu ne suka yarda kuma ba cutarwa. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, ni jiki zan yi miki bayani.

Ɗauri da rufe ido da jiran abin da zai biyo baya, duk jiki yana ɗaukarsu a matsayin fargaba, ko da zuciya ta san tana hannun amana. Sai ya saki sinadaran ko-ta-kwana irin su adirenalin da kotizol, tare da waɗanda ke dusashe zafi. Wani bincike a Beljiyam a 2020 ya auna jinin masu wannan wasa, ya ga kotizol da sinadaran endokanabinoyid, masu kawo natsuwa da rage raɗaɗi, sun ƙaru a jikin masu miƙa wuya. Kin ga ɗan dambe, ana fasa masa baki yana ta tsalle a fage, sai ya koma gida tsamin ya taso masa.

Nauyin harshe da ɓacewar lokaci kuma ana ganin daga gaban ƙwaƙwalwa suke, sashen da ke lissafi da yanke shawara. Ayarin Farfesa Brad Sagarin na Jami'ar Arewacin Ilinoi a Amurka sun gwada mutum 14 a binciken da aka buga a 2017. An ba su sunayen launuka da aka rubuta da tawadar wani launi daban, a ce su faɗi launin tawadar. Waɗanda suka miƙa wuya sun fi tangarɗa bayan wasan fiye da kafinsa. Mutum 14 ba yawa ba ne, amma sakamakon ya dace da abin da mutane ke faɗa: sashen nan yana lafawa na ɗan lokaci, shi ya sa damuwar gida da ta yara ke gushewa, a ji wasai.

To a nan ne nake son ku buɗe kunne, ke da maigidan. A wannan hali ba ki jin zafi yadda yake, kuma "to" ɗinki ba cikakkiya ba ce. Don haka duk abin da za a yi, a gama maganarsa tun ido biyu, kada a ƙara sabon abu a tsakiya. Ku ajiye kalmar tsayawa, wadda da kin faɗe ta za a tsaya nan take, kuma tunda bakinki na nauyi, ki riƙe makulli a hannu, da ya faɗi ƙasa an tsaya ke nan. Ɗaurin ya zama yatsu biyu na iya shiga. Idan yatsunki suka yi sanyi, suka sake launi ko suka fara mutuwa, a kwance nan take, domin jijiyar wuyan hannu ba ta jure matsi. Ɗankwali ma yakan ƙulle tamau idan an ja shi, almakashi ya kasance kusa. Kada ya bar ki a ɗaure ya fita. Wuya kuwa haramiyarsa ce gaba ɗaya: shaƙa tana kisa cikin mintuna, kuma babu wata hanyar yin ta lafiya.

Kukan washegari ana danganta shi da saukar waɗancan sinadarai, wani lokaci haɗe da kunya. Yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Bayan an gama ki sha ruwa, ki ɗan taɓa dabino ko kunu, ya lulluɓe ki, ya zauna tare da ke har ki dawo daidai. Juya baya a yi barci shi ke tsananta abin. Da safe ma ya tambaye ki yaya jiki.

Akwai inda amsata za ta canja. Idan maimakon daɗi tsoro kike ji, ko kina ganin kanki kamar daga waje, ko wani mugun abu da ya taɓa faruwa da ke yana dawo miki, wannan tsohon rauni ne na zuciya ke motsi, a dakata da wasan. Idan kuma kina suma, jiki na karkarwa, kina cizon harshe, ko abin na zuwa miki kina girki ko kina kasuwa, sai an duba farfaɗiya da sukari da hawan jini. Ki je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ki ga likita, idan da buƙata za a tura ki asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.