Keken hawan dutse a Carcross: wasan masu kuɗi ne ko aikin gari?

Tambaya: Malam, na kalli wani gajeren fim na matasa 'yan asalin ƙasar Kanada suna sare wa kekuna hanya a kan dutse. Ni dai wasan masu kuɗi na gani. Me zai tsinana wa mutanen ƙauye?

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton Shift ka kalla, fim ɗin da Kelly Milner ta fitar a 2016 kan garin Carcross na yankin Yukon. Kana da gaskiya ta wani gefen: irin wannan keke tsada gare shi, kuma yawancin masu zuwa hawa baƙi ne. Amma sake kallo, ka lura da hannun da ke riƙe da diga da shebur.

Carcross ƙaramin gari ne na al'ummar Tagish da Tlingit, 'yan asalin ƙasar, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Masu rububin zinaren yankin Klondike na Yukon sun ratsa ƙasarsu a 1898. Bayansu masu haƙar azurfa suka huda dutsen Montana da ke saman garin, suka bar ramuka da tsatsan ƙarafa. Mafi ciwo ita ce makarantar kwana ta Chooutla, inda aka riƙa raba yara da iyayensu da harshensu har zuwa 1969. To wanda aka yanke daga daji tun yana ƙarami, me zai koya wa ɗansa game da dajin?

A 2005 al'ummar ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙasa da mulkin kai, dutsen ya dawo hannunta. Shekara guda bayan nan aka fara shirin Singletrack to Success, wanda ke ɗaukar samari da 'yan matan garin aikin sarar hanyoyin keke a kan dutsen, da albashinsu, duk lokacin da ƙanƙara ta narke. Aikin ba na rago ba ne. Ka ture dutse da ƙarfe, ka sare saiwa, ka karkata turbar kaɗan don ruwan sama ya gangara gefe kada ya cinye ta. Yaron da ya yi wata uku yana wannan ya san kowane kwari da kowace ƙorama, kuma a ganina wannan ya fi kuɗin da baƙi ke kawowa daraja, ko da yake kuɗin ma suna shigowa.

Abin da ke damuna da finafinan wasannin daji da yawa shi ne, baƙo ne tauraro, mai ƙasa kuwa ado ne a gefen hanya. A nan matasan ne ke ba da labarinsu da bakinsu.

Wasu turbobin ma tsofaffin hanyoyin mahaƙa aka farfaɗo, irin su Mountain Hero, wadda ƙungiyar masu keken dutse ta duniya ta sa cikin fitattun hanyoyinta a 2011. Da Yarima William na Birtaniya da matarsa Kate suka ziyarci Yukon a watan Satumba na 2016, har kan wannan dutse aka kai su suka gana da matasan.