Duuri, molli, da H ɗin da ta kunyata ni

Ɗana, na ga saƙonka, na yi dariya har Innarka ta leƙo. An tura ka Helsinki karatun injiniya, sai ga ka kana tambayata daga ina mutanen Finlan suka samo kalmomin kiɗan nan "duuri" da "molli", kuma wai ko al'adarsu ce. Kiɗa kake koyo a ɓoye ke nan? To, ni ban ji ba, Babanka ma bai gani ba.

Ka tuna min da 1974, ina busa ƙaho a badujalar makarantarmu. Wani baƙo Bajamushe ya kawo mana waƙar ƙasarsu, an rubuta sunayen sautuka da fensir. Mu daga A zuwa G aka koya mana, sai ga H tsamo-tsamo a takarda. Na ce kuskure ne, na tsallake. Inda aka sa B kuwa na cika kumatu na busa B ɗin da na sani, gaban shugaban makaranta. Kai! Kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mai ganga ya saki sanda don dariya.

Baƙon bai yi fushi ba. Ya ɗauki alli ya zana b biyu, ɗaya mai kusurwa, ɗaya mai zagayayyen ciki. Ya ce malaman coci na da can haka suke rubutawa: mai kusurwar "durum", wato mai tauri da Latinanci, ɗayar "molle", mai laushi, sautinta na ƙasa da na mai kusurwar kaɗan. Mai kusurwar ce, wato B ɗin da na sani, ta rikiɗe ta koma H a wurinsu, mai laushin kuma ta riƙe sunan B. Sunayen biyu kuma daga baya suka zama Dur da Moll, salon fara'a da salon jimami. Suwidin ta karɓa, ita kuwa ta riƙe Finlan har 1809. Su Finlan wasali suka liƙa a ƙarshe, yadda muka yi wa bokiti.

Kakata takan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, nemi tsumma ka ɗaura. Don haka in malaminka ya ce H, ka ce H.

Abin da ke ci min rai, kai da ke bin asalin kalmar wasu, in na ajiye maka kalangu da kotso ba lalle ka bambance su ba. Mu ma laifinmu ne, ƙahon Bature muka runguma.

Ka kira Innarka ran Juma'a, tana ta tambaya ko ka sayi rigar sanyi.