Firinta tana kan Wi-Fi amma kwamfuta na cewa Offline, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina da shagon buga takardu, firintata HP LaserJet ce mai Wi-Fi kuma da lafiya lau take aiki da kwamfutoci biyu, amma tunda aka ɗauke wuta na tada janareto sai babbar kwamfutar ta riƙa nuna Offline, alhali a waya ina iya turo aiki ya fita. Na cire direba na sake sawa amma shiru. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Tunda waya na iya bugawa to firintar lafiyarta ƙalau, direban ma da wuya a ce shi ne, ka daina wahalar da kanka da cire shi. Abin da na fi zato shi ne lambar IP ɗin firintar, wato adireshinta a kan netwok, ita ce ta canja. Rauta ita ke raba wa na'urori waɗannan lambobin ta tsarin DHCP, kuma aro take bayarwa ba kyauta ba, idan wuta ta ɗauke komai ya mutu ya sake tashi tana iya ba firinta wata lamba daban, ita kuwa Windows tana nan riƙe da tsohuwar, kamar kana ta kiran mutum a tsohon layinsa bayan ya canja sim. Waya ba ta damu ba saboda duk lokacin da za ta buga sai ta sake laluben firintar a kan netwok.

Amma kar mu tsaya a zato, mu gwada. Je allon firintar ka duba saitin netwok ko ka sa ta buga shafin bayananta, za ka ga lamba irin 192.168.0.105. A kwamfuta danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, a baƙin allon ka rubuta ipconfig, duba layin IPv4 Address. A irin rautocin gida da shago kashi uku na farko na lambar kwamfuta da ta firinta dole su zama iri ɗaya, na ƙarshe kaɗai zai bambanta. In kwamfuta na 192.168.8.20 firinta na 192.168.0.105 to ba wuri ɗaya suke ba sam, kuma wannan na faruwa sosai, wuta ta ɗauke rauta ta mutu sai kwamfuta ta kama MiFi ko hotspot ɗin wani yaron shago da ta taɓa sani, ta zauna a can ko bayan rautar ta dawo. In kuma ka ga lamba ta fara da 169.254, na'urar ba ta samu komai daga rauta ba ne ta ba kanta, kashe ta ka kunna bayan rautar ta gama tashi.

Sai a baƙin allon ka rubuta ping, wato gwajin ko kwamfuta na isa ga firinta, ka bar fili, ka sa lambar firintar. Idan ya ce Reply from lambar firintar tare da lokaci, hanya a buɗe take. Ka dai karanta layin har ƙarshe don wani lokaci yana farawa da Reply from amma ya ƙare da Destination host unreachable, wannan ba amsa ba ce, kwamfutarka ce ke faɗa maka ba ta same ta ba. In ping ya ƙi kuma lambobin sun dace, duba ko ɗayansu na kan Wi-Fi na baƙi wato Guest, ko an kunna AP Isolation a rauta, shi wannan aikinsa ke nan hana na'urori ganin juna.

To in ping ya yi, gyaran minti kaɗan ne. Shiga Printer properties, buɗe Ports, danna Add Port, zaɓi Standard TCP/IP Port, saka sabuwar lambar. Ni gaskiya na fi son wannan a kan WSD, wato nau'in port ɗin da Windows ke saka wa kanta, WSD ɗin yau ta gani gobe ta ɓace ba dalili. In har yanzu Offline take nunawa shiga Configure Port ka cire alamar SNMP Status Enabled, sannan ka goge tsofaffin ayyukan da suka maƙale a layi, in sun ƙi gogewa buɗe services.msc ka sake tada Print Spooler, mai kula da layin bugawa.

Saura abin da zai hana ta dawowa, don in ka tsaya nan wani ɗaukewar wutar za ka sake komawa gidan jiya. Rubuta lambar Default Gateway da ipconfig ya nuna maka a burauza, shiga rauta, nemi Address Reservation ko DHCP Reservation, sunan ya danganta da kamfani, ka ɗaure lambar MAC ta firintar, wato lambar shaidarta da ba ta canjawa, da IP guda, MAC ɗin na jikin shafin da ka buga ɗazu. In rautarka ba ta da wannan, rubuta IP ɗin firintar a burauza shafinta zai buɗe, ka maida lambar Manual, amma ka zaɓi wadda ke wajen jerin da rauta ke rabawa don kar wata waya ta shigo ta samu irinta su yi karo. Kuma in firintar na da ramin kebul na netwok a baya kuma tana kusa da rauta, wallahi ka sayi kebul ka jona kawai, ka yi ɗaurin da MAC na ramin kebul ɗin saboda daban yake da na Wi-Fi.